BMW Z4: Motar da sitiyarinta ke ƙagewa idan rana ta take

Da sanyin safiya motar lafiyarta ƙalau. Direba zai fito da ita daga gida, ya zaga gari, sitiyari na juyawa a hannunsa kamar an shafa masa mai. Sai ya ajiye ta a rana, ya dawo bayan azahar, ya hau miƙaƙƙen titi ya taka ta. A nan ne labari ke sauyawa. Zai so ya ɗan karkata motar kaɗan don ta zauna a tsakiyar hannunta, sai ya ji sitiyarin ya cije. Ya ƙara masa ɗan ƙarfi, sai ya saki gaba ɗaya, motar ta zarce inda aka nufa. Ya dawo da ita, ya sake cijewa. Wanda ke biye da shi a baya zai ɗauka direban gyangyaɗi yake yi.

Wannan shi ne ƙorafin da masu BMW Z4 ƙirar farko suka shafe kusan shekara 20 suna yi a Amurka da Turai. Motar ba ta cika yawa a titunan Yamai ko Maraɗi ba, inda Toyota ke sarauta. Sai dai yanzu ta tsufa, kuɗinta ya faɗi, kuma tana cikin irin motocin da ke ɗaukar idon matashin da ke aiki a Faransa, Beljiyam, Jamus ko Amurka, wanda ke neman abin hawa na kece raini, ko wanda zai ɗora a jirgin ruwa ya aiko gida. Abin da ya kamata irin wannan matashi ya sani kafin ya biya shi ne, ciwon wannan mota zafi ne ke tayar da shi.

Mota mai kujera biyu da sabon salo

An nuna Z4 ga duniya a bajekolin motoci na birnin Paris a shekarar 2002. Ita ta gaji Z3, wadda ta yi suna bayan fitowarta a fim ɗin James Bond a 1995. Kujera biyu gare ta, dogon gaba, rufin yadi da ake naɗewa, kuma inji mai silinda shida, samfurin 3.0i na da ƙarfin doki 231. Ko da yake kamfanin na Jamus ne, a masana'antarsa da ke Spartanburg, jihar South Carolina ta Amurka, aka riƙa ƙera ta har zuwa 2008. Masu sayar da kayan gyara da lambar E85 suka san ta.

Ita ce motar BMW ta farko da ta zo da sitiyari mai aiki da lantarki. A tsohon tsarin da duk wani bakanike ya sani, akwai famfo da inji ke juyawa da bel, yana tura mai ta cikin tiyo don sauƙaƙa wa direba juya ƙafafun gaba. A Z4 an cire duk wannan. Babu famfo, babu tiyo, babu tankin man sitiyari. Wani ɗan injin lantarki aka ɗaura a jikin sandar sitiyari, can ƙarƙashin allon gaban direba, kusa da gwiwarsa. Na'ura ce ke auna ƙarfin da hannu ya sa, sannan ta umarci ɗan injin ya taimaka daidai gwargwado. Dabarar na rage shan mai, tunda babu famfon da ke jan ƙarfin inji dare da rana, kuma a yau kusan duk sabuwar ƙaramar mota da irin wannan tsari take fitowa. Amma a 2002 sabon abu ne a wurin BMW, kuma waɗanda suka fara saya su ne suka ɗanɗana kuɗarsa.

Inda gizo ke saƙar

Ɗan injin lantarkin ba kai tsaye yake juya sandar ba. A bakinsa akwai wani ƙarfe mai murɗaɗɗen zare, wanda ke shiga cikin haƙoran wani faifai da ke manne da sandar. Haƙoran faifan na roba ce mai tauri, don kada a riƙa jin ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Tsakanin zaren da haƙoran ana barin ɗan sarari siriri. Idan ya yi yawa, sitiyari zai riƙa lilo yana ƙwanƙwasa. Idan ya yi kaɗan, sai a samu matsi.

A motocin shekarun farko sararin ya yi kaɗan. Roba ta fi ƙarfe saurin kumbura idan ta ji zafi, don haka da zarar cikin mota ya ɗauki ɗumi, faifan kan cike ɗan sararin ya matse zaren. Giris ɗin da aka shafa tun daga masana'anta shi ma yana bushewa da tsufa. A cikin gari, inda ake juya sitiyari sosai, da wuya direba ya lura, don ƙarfin hannu da na injin sun rinjayi matsin. A dogon titi ne abin ke fitowa, inda motsin da ake buƙata bai wuce faɗin yatsa ba, kuma inda na'urar da kanta ke rage taimako saboda gudu.

Da yake kayan duka a cikin ɗakin mota suke, ba a wajen inji ba, abin da ke tasiri shi ne zafin da direba ke ji a ƙafarsa. Shi ya sa masu motar da dama suka lura cewa idan suka kunna na'urar sanyi suka karkata iskar zuwa ƙasa, bayan wasu mintuna sitiyarin kan saki. Motar da ta yini a rana da baƙin rufinta kuwa, ita ce ta fi shan wahala.

Ƙorafi ya kai gaban hukuma

A 2010 hukumar kula da lafiyar motoci a titunan Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike kan Z4 ƙirar 2003 zuwa 2005, motoci kimanin dubu 48, bayan ta karɓi ƙorafi sama da 100. Abin da masu ƙorafin suka bayyana kusan iri ɗaya ne: sitiyari na cijewa yana saki, galibi a gudun da ya haura kilomita 70 a awa, kuma a ranar da zafi ya wuce digiri 24.

Digiri 24. Mutumin Tawa ko Ƙonni da ya ji wannan adadi sai ya yi dariya, don a wurinsa lokacin neman bargo ne. Ko a watan Janairu, tsakiyar hunturu, zafin rana a Yamai kan haura digiri 30, balle Afrilu da Mayu da ake kwana ana tashi sama da 40. Wato abin da Bajamushe ke gani na ƴan makonni a shekara, a Nijar kusan kowace rana ta Allah zai iya faruwa. Kuma hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, irin titin da ciwon ke so ce: doguwa, miƙaƙƙiya, hannu ɗaya zuwa ɗaya dawowa, ga manyan motoci na tahowa, ga dabbobi da amalanke a gefe.

An rufe binciken na Amurka ba tare da an tilasta wa kamfanin janye motocin don gyara su kyauta ba. Wannan ne ya fi ƙona ran masu motar. Sitiyarin dai ba ya kullewa gaba ɗaya, direba na iya rinjayarsa da hannu, kuma da wannan ake kafa hujjar cewa matsalar ta jin daɗin tuƙi ce kawai. Masu motar na ganin ba haka ba ne: duk abin da zai sa mota ta yi tsalle gefe a kan gudu, ko da taku ɗaya ne, ya wuce maganar jin daɗi. A nan hujjarsu ta fi ƙarfi, musamman idan aka tuna cewa BMW da kanta ta sauya ƙirar sandar a 2006, kuma ƙorafin ya ragu sosai a motocin da aka ƙera bayan nan. Haka kuma Z4 M, samfurin da ya fi kowanne ƙarfi da tsada, wanda ya fito a wannan shekarar, da tsohon tsarin famfo da mai aka yi shi.

Rashin janyewar na da wani tasiri ga mai saye. Wanda ya shigar da lambar jikin motar mai harufa da alƙaluma 17 a rumbun hukumar don ganin ko akwai gyaran dole da ake binta, ba zai ga wannan matsala a ciki ba.

Kuɗin da ke tafiya a banza

Ciwon ba ya kunna fitilar gargaɗi, kuma sau da yawa kwamfutar gwaji ba ta nuna komai, domin ba lantarkin ne ya lalace ba, ƙarfe ne da roba suka matse juna. Bakaniken da ya saba da Corolla da Hilux zai fara buɗe murfin inji yana neman tankin man sitiyari, bai samu ba. Daga nan sai a shiga lalube: a sauya taya, a daidaita ƙafafu, a sauya robobin ƙafa, a kwance wannan a ɗaura wancan. Tunda galibi da safe ake kai mota gareji, kuma a inuwa take tsayawa, gwajin da za a yi bayan gyara zai nuna komai daidai. Sai mai ita ya biya, ya kama hanya da rana, abin ya dawo.

Lalubensu ba laifinsu ba ne kacokan, don Z4 na da wasu cututtukan da ke kama da wannan. Da tayoyi masu taurin gefe ta fito, irin waɗanda ke ci gaba da tafiya ko sun yi faci, kuma su kan sa motar ta riƙa bin duk wani kwari ko tsaga da ke kan kwalta. Robobin da ke riƙe ƙafafun gaba, waɗanda ta gada daga BMW E46, suna saurin mutuwa, sai sitiyari ya riƙa rawa idan an taka birki. Gaɓoɓin sandar da ke sauka zuwa ƙafafu kan yi tsatsa su ƙage, musamman a motar da ta sha gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara. Akwai kuma mutuwar ɗan injin lantarkin ko na'urar da ke sarrafa shi. Wannan kam ba ya ɓuya: fitilar sitiyari za ta kama, sitiyarin ya yi nauyi kamar na tsohuwar tirela. Batir mai rauni ma na iya jawo hakan, kuma batirin wannan mota a but yake, ba a gaba ba.

Abin da ke raba ciwon zafi da sauran shi ne lokaci. Idan da asuba babu, da azahar akwai, kuma sanyaya ƙafar direba na rage shi, to an gano ɓarawon.

Gyara iri uku

Gyaran kamfani shi ne a cire sandar gaba ɗaya a sa sabuwar ƙira, sannan a daidaita ta da kwamfuta. Kuɗinsa kan kai dubban daloli, wanda a yau zai iya cin babban kaso na darajar motar kanta.

Masu motar da makanikai masu zaman kansu sun gano hanya mai sauƙi. Tsakanin ɗan injin da gidan faifan akwai wani zobe wanda raminsa ba a tsakiya yake ba, ya ɗan karkata gefe. Idan aka sassauta kusoshin da ke riƙe injin aka juya zoben kaɗan, zaren kan ɗan ja baya daga haƙoran, sararin ya dawo. Wasu kan haɗa da sabon giris. Aikin ba ya cin kaya, haƙuri yake ci: wurin matsattse ne, sai mutum ya kwanta rigingine a ƙarƙashin allo, kuma motsin da ake buƙata na ƴan milimita ne. Wanda ya zarce zai maye ciwo da ciwo, sitiyari ya koma lilo. Masu hankali kan yi wa zoben alama kafin su taɓa shi, su kuma cire kan batir tukuna saboda jakar iska da ke cikin sitiyarin. Giris ɗin ma ba kowanne ba, sai wanda ba ya cin roba.

Wasu kuma sun gaji da lallaɓa, sun cire taimakon lantarkin sun ɗora famfo da tiyo irin na E46. Aiki ne babba, amma yana mayar da motar tsarin da kowane gareji ya iya.

Ga wanda ke shirin saye, matsalar ita ce wurin sayen da lokacinsa. Motar da aka gwada a Brussels ko Hamburg a watan Disamba ba za ta nuna komai ba, kuma mai sayarwa ma yana iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa bai taɓa jin wani abu ba. Sai ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Lome, an biya kuɗin jirgi, an biya na hanya, an biya duwan, sannan ta fara nuna halinta, a lokacin da babu wanda za a mayar wa. Shi ya sa watan da aka ƙera motar ke da muhimmanci fiye da shekarar da aka rubuta a talla. A motocin Amurka yana rubuce a takardar da ke manne jikin ƙofar direba. Takardun gyara kuma za su nuna ko an taɓa sauya sandar. Idan babu su, a bar motar ta sha rana awa biyu da rufinta a rufe, ko a kunna mata na'urar ɗumi zuwa ƙafa idan lokacin sanyi ne, sannan a hau miƙaƙƙen titi a kai kilomita 80 zuwa 90 a awa, a riƙe sitiyarin da yatsu biyu a ɗan motsa shi hagu da dama.