Tarar naira dubu uku da ran mai tsallaka titi a Jikwoyi

Abuja gari ne da aka zana domin mota. Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ko babbar hanyar Kubwa da daddare, ya ga kwalta shimfiɗe layi-layi babu rami babu kwana mai tsanani, zai gane abin da ke jan ƙafar matashi zuwa totur. A kan irin waɗannan tituna, da na tsakiyar birni a ranakun hutu, aka samu samarin da ke fitowa da Mercedes AMG da BMW da Dodge Charger, jefi-jefi har da Ferrari da Lamborghini, suna tsere ko suna wasan mota, taya na ihu hayaƙi na tashi, abokai na ɗauka a waya. Hukumomin birnin sun sha kama motoci, wasan ya lafa na ɗan lokaci ya sake dawowa.

Masu waɗannan motoci suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Ƙa'idar hanya a Najeriya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a hanyar da ta haɗa garuruwa, 100 a babbar hanya mai hannu biyu. Su kuma suna cewa an yanka wannan iyaka ne da tsofaffin motoci a zuciya. Motarsu tana da burkin da ya fi na tasi nesa ba kusa ba, tayoyinta na kama ƙasa, an ƙera ta ne domin ta yi 250. Suna kawo misalin Jamus, inda wani sashe mai yawa na manyan hanyoyi ba shi da iyakar gudu sai shawarar kada a wuce 130. Me zai sa, in ji su, a ɗaure doki mai kyau da dabaibayin jaki?

Amsar tana Jikwoyi, ko da yake ba can ake wasan ba. Unguwar na kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu, ta wuce Kurudu da Orozo har Karshi. Asalinta ƙasar Gbagyi ce, amma yau cike take da ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori waɗanda kuɗin haya ya hana su zama a cikin birni, wasu kuma rusau na tsakanin 2003 da 2007 ya koro su. Da aka hana acaba a tsakiyar Abuja a watan Oktoba na 2006, babura suka tattaru a irin waɗannan unguwanni, Keke Napep ma ya biyo baya. Titi ɗaya ne ya zama hanya, ya zama tasha, ya zama kasuwa. A bakinsa mai kayan miya ke baza tumatir, a kansa ɗan makaranta ke tsallakawa, a gefensa mai ruwa ke tura kura, tifa ɗauke da yashi na danno kai a bayansu. Wanda ya yanka iyakar gudu a irin wannan wuri, jikin ɗan Adam ya kamata ya auna, domin shi ne ba shi da ƙarfe a kewaye da shi.

Lissafin a bayyane yake. Motar da ke kan 100 tana cin mita kusan 28 a daƙiƙa ɗaya, wadda ke kan 160 kuma mita 44. Tsakanin idon direba ya hango yaro da ƙafarsa ta taka burki akwai aƙalla daƙiƙa guda, kuma a cikin wannan daƙiƙa burkin Ferrari da na tsohuwar Golf duk ɗaya ne, tunda ba a taka ko ɗaya ba. Bayan an taka, idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da na 65. Ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba: tafiyar kilomita 10 minti 10 ce a kan 60, minti 6 a kan 100.

Misalin Jamus ma rabinsa ake kawowa. Hanyoyin da babu iyaka a kansu an killace su, ba mai tafiya a ƙasa, ba keke, ba dabba. A cikin gari iyakar 50 ce kamar tamu. Kuma bayan wasu samari biyu sun yi tsere a tsakiyar Balin a 2016 har suka kashe wani dattijo da ke cikin motarsa, ƙasar ta mayar da tsere a kan titi babban laifi a 2017, mai ɗaurin da kan kai shekara 10 idan an rasa rai. Ɗaya daga cikin samarin, kotu ta same shi da laifin kisan kai ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Gaskiya ne ba kasafai ake ganin motar tsere a Jikwoyi ba. Gudun da ke kisa a nan na neman abinci ne. Mai tasi da ɗan acaba suna da balas da za su kai wa mai abin hawa kowace yamma kafin su ga nasu, direban tifa kuma da yawan sawu ake biyansa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, sawu ɗaya da aka rasa yana iya zama cefanen gida. Sai kuma cunkoso, wanda mutane ke ɗauka maganin gudu ne alhali shi ke haifar da shi. Kowa a wannan yanki ya san abin da ke jiransa a Nyanya da tudun Kugbo da safe, don haka ma'aikata ke fita tun kafin asuba, cikin duhu, titi babu kowa, kowa na son ya riga cunkoson. Lokacin ne kuma masu zuwa masallaci da masu sammakon kasuwa ke tsallaka hanya. Direban da ya share awa biyu a gosulo da yamma, da zarar hanya ta buɗe masa bayan Karu sai ya nemi rama lokacinsa a kan mutanen Jikwoyi da Kurudu. Hanyar Karshi zuwa Apo, wadda aka ba da kwangilarta tun 2011 domin ta rage wa wannan titi nauyi, ta shafe shekaru fiye da goma ba a gama ta ba.

To me ya haɗa ɗan acaban Jikwoyi da mai Lamborghini na Maitama? Doka ɗaya ce a kansu, tara ɗaya, kuma a nan matsalar take. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da dokar 2007, kuma tarar gudun wuce ƙa'ida da aka yanka a lokacin naira 3,000 ce, ta tuƙin ganganci naira 50,000. A 2007, lokacin da litar mai ke wajen naira 70, dubu uku kuɗin lita 40 ce da ɗoriya. Zuwa ƙarshen 2024 dubu ukun nan ta koma kuɗin lita uku. Ga mai tasi har yanzu tana da ciwo, musamman idan aka haɗa da yinin da zai ɓata kafin ya karɓo motarsa. Ga wanda motarsa ta kai ɗaruruwan miliyoyi, ko kuɗin wankin mota ba ta kai ba. Tarar da ba ta taɓa aljihu ta zama kuɗin shiga wasa.

Akwai kuma tambayar wa ake kamawa. Jami'in da ke tsaye a bakin titi yana iya tsayar da motar da ke tafiya a hankali ya duba bel da takardu da fasasshen gilashi. Motar da ta wuce shi a kan 170 ko lambarta ba zai karanta ba, balle idan an rufe lambar, gilashi baƙi ne, ko akwai ɗan sanda a kujerar gaba. Kwambar manya mai jiniya kuwa kullum tana koya wa jama'a cewa iyakar gudu ta wanda ba shi da kowa ce. Matakin na'urar takaita gudu da hukumar ta fara tilastawa a ranar 1 ga Fabrairu 2017 shi ma a kan motocin haya kaɗai ya tsaya, bai taɓa na gida ba. Ko a motocin hayar, na'urar da aka saita domin babbar hanya ba ta hana bas yin 85 a gaban makarantar firamare inda ƙa'ida ta ce 50. A watan Oktoba na 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an duba motoci na bi'ayo ba su da ikon tsayar da mota, ƙwace ta ko cin tara. Hukuncin ya yi wa direbobi da yawa daɗi saboda abin da suka sha a hannun masu kaki, amma ya nuna yadda dokokin da ake kama mutane da su ke da rauni tun daga tushe.

Legas ta gwada wata hanya. A farkon 2025 ta sanar da kafa kyamarori a wasu tituna tare da tarar naira 50,000 ga mai gudu. Kyamara ba ta karɓar na goro kuma ba ta san ɗan wane ba, wannan ci gaba ne. Sai dai dubu hamsin ta haura kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, yayin da mai motar tsere zai biya ta waya bai ko lura ba. Inda kuma mutum ne ke karɓar tara, ƙara ta kan ƙara farashin cin hanci ne kawai. Abuja tana da nata tarihin da kyamara: kwangilar dala miliyan 470 da aka bai wa kamfanin ZTE a 2010, wadda ta bar turaku a tsaye ba aiki. Ko an kafa sababbi, sai an san mai kowace lamba da inda za a same shi, a garin da ake sayar da mota hannu uku takarda na ɗauke da sunan mai ita na farko, kuma gidaje da yawa a Jikwoyi ba su da lamba.

Wasu ƙasashe sun warware matsalar aljihu tun tuni. Finlan na auna tara da abin da mutum ke samu, shi ya sa a 2002 aka ci wani babban darakta a Nokia tarar Yuro 116,000 saboda ya yi 75 da babur a inda iyaka take 50. A Suwizalan a 2010 wani mai Ferrari ya sha tarar kusan faran 300,000 bayan ya ratsa wani ƙauye da gudu. Za a ce a Najeriya ba a san kuɗin shigar kowa ba, kuma haka ne. Amma an san mota. Ofishin lasin ya riga ya bambanta kuɗin rajista bisa girman inji, don haka ana iya ɗora tara a kan wannan ma'auni. Abin da ya fi tara cizo kuwa shi ne hana tuƙi da tsare mota. Tsarin maki yana rubuce a dokarmu, kowane laifi da makinsa, amma da wuya ka ji wanda ya rasa lasinsa ta wannan hanya. Wata shida ba tuƙi daidai yake ga mai kuɗi da talaka, kuma shi ne hukuncin da matashi mai ji da motarsa ke tsoro.

Inda hukuma ta bar giɓi, jama'a kan cike shi da abin da ya sawwaƙa. Bayan an buge yaro, sai matasan layi su zuba siminti su yi tudun rage gudu, ba fenti ba alama, ya kayar da ɗan acaba da daddare, ya wahalar da mai naƙuda. Tsoron a ƙone mota ko a doki direba ya sa wanda ya buge mutum kan gudu maimakon ya kai shi asibiti. Wanda ya samu rauni a kai, asibitocin Karu da Nyanya da Karshi sau da yawa sai sun tura shi cikin birni, ta cikin cunkoson nan dai. Ƙididdigar hukumar kiyaye haɗurra ta nuna mutum 5,081 sun mutu a titunan ƙasar a 2023, 5,421 a 2024, kuma gudu ne kan gaba cikin dalilan da take lissafawa, Babban Birnin Tarayya kuwa kusan kullum yana sahun gaba a yawan haɗurra. Gidajen manya ma ba su tsira ba: a daren 26 ga Disamba 2017 ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya yi mummunan haɗari da babban babur a Gwarimpa, har sai da aka fita da shi waje.

Akwai wani abu namu da ya kamata mu faɗa wa juna. Idan aka yi rashi, dangin direba kan zo gaisuwa da dattawa, iyayen mamaci su ce kwana ne ya ƙare, mun yafe. Yafiya halin kirki ce kuma haƙƙinsu ne, babu mai ƙwace musu shi. Amma sau da yawa daga nan magana ke mutuwa, a janye ƙara, direba ya koma kan sitiyari cikin mako guda. Iyaye na iya yafe jinin ɗansu. Lasin tuƙi kuwa amanar jama'a ce, bai kamata yafiyar gida ɗaya ta mayar da shi hannun wanda ya yi ganganci da shi ba. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke wa mai sakaci alhaki ba, malamanmu sun san haka, kuma mumbarin Juma'a wuri ne da ya dace a ji shi, musamman kan wasan mota a bikin aure da ya zama ado a garuruwanmu.

Ban ga dalilin ƙara iyakar gudu domin wani rukunin motoci ba, a Jikwoyi ma kamata ya yi a sauke ta zuwa 30 a gaban makarantu da kasuwa, kamar yadda taron ministoci na duniya a Sitokhom ya ba da shawara a 2020, tare da fitilun titi da wurin tsallakawa da tudun rage gudu wanda injiniya ya auna. Sha'awar gudu kuma ba laifi ba ce a kanta. Kakanninmu masu son sukuwa ba su hana doki gudu ba, fili suka ware masa, har yau Kano na da filin sukuwa. Abuja tana da ƙasa, masu waɗannan motoci suna da kuɗi. Su haɗu su nemi fili a wajen gari, su killace shi, su ajiye motar asibiti da ta kashe gobara, kowa ya sa hular kwano ya biya kuɗin shiga, hukuma ta ba su lasisi ta sa ido. Wanda aka kama yana tsere a kan titi bayan haka, a tsare motar a karɓe lasin.