Abubuwan Ban Mamaki Takwas Kan Ɗaukar Hoton Jijiyoyin Jini

Hasken eksire da ake ɗaukar hoto da shi a asibiti ƙashi yake nunawa sarai. Jini da tsoka kuwa kusan daidai suke tare shi, shi ya sa jijiya kan saje da naman da ke kewaye da ita. Ga dabarun da masana suka yi ta ƙirƙirowa don su fito da ita fili.

1. Da gawa aka fara. Röntgen ya gano hasken a Jamus cikin Nuwamban 1895. A Janairun 1896 Haschek da Lindenthal suka ɗura wani haɗi mai alli a jijiyoyin hannun gawa a birnin Viyana, sai ga rassansu sun bayyana.

2. A 1927 Egas Moniz na Fotugal ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar mai rai da ruwa mai sinadarin aidin. Kyautar Nobel da ya samu a 1949 ba ta wannan aikin ba ce, ta wata tiyatar ƙwaƙwalwa ce da aka daina yi.

3. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto. Ya sha suka a lokacin, amma a 1956 ya samu Nobel.

4. A 1958 a Amurka, bututun likita Mason Sones ya zame, rinin da ake ɗurawa don jijiya ta fito a hoto ya kwarara cikin jijiyar da ke shayar da zuciya. An ɗauka hakan kisa ne, sai ga majinyacin ya rayu. Daga nan hoton jijiyoyin zuciya ya samo asali.

5. Rinin Thorotrast ya yi tashe saboda kyawun hotonsa, ashe yana maƙalewa a hanta yana fitar da tiriri mai cutarwa. Bayan shekaru ya jawo wa mutane da dama cutar kansa.

6. Iska ma rini ce. Ga mai ciwon ƙoda, likitoci kan hura iskar kabon, irin wadda muke fitarwa a numfashi, cikin jijiyoyin ƙafa ko na ciki.

7. Kwamfuta na iya share ƙashi. A ɗauki hoto kafin rini da bayansa, ta debe na farko daga na biyu, jijiyoyi kaɗai su rage.

8. Sabuwar dabara ba ta ma buƙatar rini. Maimakon auna hasken da nama ya shanye, sai a auna ɗan karkatar da yake yi in ya ratsa shi. A Grenoble ta Faransa akwai na'ura mai zagayen mita 844 wadda haskenta ya ninka na asibiti sau biliyan 100. Da ita aka ɗauki huhu sukutum na waɗanda korona ta kashe, aka ga yadda cutar ta ɓata ƙananan jijiyoyin da suka fi gashin kai siranta. Sai dai ƙarfin hasken ya wuce abin da mai rai zai jure, don haka gaɓoɓin mamatan da aka ba da kyauta ake amfani da su.

Mai karatu, in an rubuta maka hoton da ake sa rini, ka sanar da likita tun da wuri idan kana da ciwon ƙoda, ko rinin ya taɓa yi maka illa. Mai juna biyu ma ta faɗa kafin a fara.