Wane babur ya dace da rairayin Bader Goula?

Ranar kasuwa a Bader Goula, in rana ta take, masu babura sukan taru a rumfar bakanike. Hirarsu ɗaya ce: babur ɗin wa ya fi? Mun sha zama da su in mun zo duba azuzuwan yaƙi da jahilci, mun kuwa ji gardama iri-iri.

Mai Boxer yakan ce nasa jaki ne, buhun hatsi mai tiya 40 ba ya sa shi nishi. Mai Haojue ya ce nasa ya fi daɗin zama, ko Maraɗi ya tafi ba ya jin ciwon baya. Mai Kasea ya ce shi dai bai ci bashi ba wajen sayen nasa, kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Can gefe sai wani dattijo ya yi murmushi, ya nuna tsohon Yamaha DT, irin wanda malaman gona suke hawa a shekarun 1990. Ya ce duk ku bari sai mun kai tudun rairayi.

Kowa yana da tasa gaskiya, amma kowa ɗansa yake yabo. Bari mu duba abin a hankali.

Boxer ƙirar kamfanin Bajaj ne na ƙasar Indiya. Haojue daga ƙasar Sin yake zuwa. Yamaha kuwa na Japan ne. Lambar da kuke gani a jikin babur, 100 ko 125 ko 150, girman injin take nunawa. In lamba ta ƙaru, galibi ƙarfi yakan ƙaru, shan mai ma haka.

Akwai kuma bambanci a cikin injin kansa. Injin DT yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake hayaƙi. Yana da tsawo, yana da zafin tashi, rairayi ba ya ba shi tsoro, amma yana shan mai, kuma kayan gyaransa sun yi wuya yanzu. Injin Boxer da Haojue da Kasea ba ya ƙona baƙin mai. Baƙin man yana zaune a mazauninsa, sai dai a juye shi a zuba sabo in lokaci ya yi.

Maganar shan mai ita ta fi tada jijiyar wuya, musamman tun watan Mayu na 2023 da Nijeriya ta janye tallafin fetur, man kwalba na bakin hanya ya yi tsada. To, ƴan'uwa, wannan gardama alƙalami ne yake raba ta. A gaban babur akwai agogo mai ƙirga kilomita. Ka cika tanki, ka rubuta lambar agogon a littafinka. Ka ci gaba da harkokinka. Ranar da za ka sake cikawa, ka rubuta sabuwar lamba da yawan litar da ta shiga. Misali, in ka yi kilomita 120 ka zuba lita 3, to kowace lita ta kai ka kilomita 40. Maƙwabcinka ma ya yi haka, a kan hanya iri ɗaya, da kaya iri ɗaya, sa'an nan ku gwada. Wanda ya iya rabawa a aji, ga inda za ta yi masa rana.

A ganinmu, abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci a ƙasarmu shi ne kulawa. Babban abokin gaban babur a nan ƙura ce. Matatar iska ita ce hancin injin. In ta toshe, babur ya rasa ƙarfi, ya riƙa shan mai. In ta yage, ƙura ta shiga ta cinye injin daga ciki. A riƙa duba ta a kai a kai, balle lokacin hunturu. Sarƙa kuma, in rairayi ya gauraya da maiƙonta, sai ya zama kamar dutsen niƙa, ya cinye haƙoran da take bi. A wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a shafa mata mai kaɗan. Man kwalba a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. Mun ga tsohon babur da ake kulawa da shi ya wuce sabo da aka yi wa sakaci.

Kafin ka saya, ka tambayi bakanike: in wani abu ya lalace, ana samunsa a Dakoro, ko sai an aika Maraɗi? Babur da zai yi sati biyu a jingine yana jiran ƙarfe ɗaya ba naka ba ne a ranar buƙata.

Ranar buƙatar kuwa mun san ta. Yaro ya kamu da zazzaɓi cikin dare da damina, ko maciji ya sari mutum a gona, gidan likita da nisa. A nan ba a tambayar wane ne ya fi gudu. Shin zai tashi da bugu ɗaya? Fitila tana kamawa? Birki yana ci? Akwai mai a tanki? Mai babur a ƙauye kada ya kwana da tanki a bushe. Mace mai ciki kuma a kai ta awo tun da wuri, kada a jira naƙuda ta kankama sa'an nan a ɗora ta a bi gargada da ita.

Wani abu ɗaya ba mu taɓa jin an yi gardama a kansa a rumfar nan ba: hular kwano. Kusan kowa rawani ne ko hula a kansa. Rawani yana tare ƙura, amma ba ya tare kai in an faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma masu babura suna da yawa a cikinsu. A sayi hular tare da babur, a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa. In an goya mace, ta tattara zanenta da mayafinta kada taya ta kama su, ta kuma nisanta ƙafarta da bututun hayaƙi, don yana ƙona fata.