Suna, Sallah da Ranar Haihuwa: Bukukuwan Yaran Damagarawa a Ƙasashen Waje

A al'adar Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, sau ɗaya ake yi wa haihuwar yaro taro, wato ranar suna. Idan haihuwa ta kwana bakwai, maza kan hallara a ƙofar gida da sassafe, liman ya yi addu'a, a sanar da suna, a raba goro da dabino, a yanka rago, wanzami ya yi wa jariri askin fari. Da rana kuma gida ya koma hannun mata, a ci a sha, a yi wa mai jego barka. Daga nan ba a sake waiwayar wannan rana da wani taro. Abin da ke rage na tunawa da ita yana cikin laƙabin yaron: Ɗanjuma da Jummai haihuwar Juma'a ne, Ladi ta Lahadi, Balarabe na Laraba, Azumi an same ta cikin watan azumi, Sallau kuma ranar Sallah ya zo duniya. Shekaru kuwa da abin da ya faru ake ƙirga su, a ce shekarar fari, ko shekarar da aka naɗa sarki wane.

Kwanan wata a rubuce ya shigo ne tare da takardun hukuma da makarantar boko, kuma bai game kowa nan da nan ba. Tsofaffin takardun shaida na Nijar da dama suna ɗauke da jimlar Faransanci mai cewa an haifi mutum “wajajen” shekara kaza, babu rana babu wata. Da aka zo zamanin fasfo da kwamfuta, waɗanda ba sa karɓar gurbi a buɗe, sai aka riƙa cike shi da 1 ga Janairu. Shi ya sa wannan rana ta yi yawa a takardun 'yan Nijar, har da na manyan ƙasa: 1 ga Janairun 1952 ke rubuce ga Mahamadou Issoufou, 1 ga Janairun 1960 ga Mohamed Bazoum. Uban da ya tashi da irin wannan takarda ba shi da wata ranar haihuwa da ya saba yi wa biki, balle ya gadar wa ɗansa.

Wannan bai sa yaron Zinder, wato Damagaram, ya tashi babu ranakun murna ba. Nasa ranakun na gari duka ne, kuma Sallah ce babbarsu. Tun azumi ya kwana goma yara ke fita tashe bayan shan ruwa, suna bin gidaje ana ba su tsaba ko 'yan kuɗi. Kwanakin ƙarshe na tela ne da mai kitso da mai lalle. Ranar idi yaro kan bi mahaifinsa ko yayyensa zuwa fili, ya ga Sarkin Damagaram ya fito daga fadarsa da ke unguwar Birni cikin dawaki da dogarai, ana busa kakaki da algaita. Yakan kuma kalli hawan ƙaho, wasan da mahautan Zinder suka yi suna da shi, inda saurayi ke tarar bijimi ya kama ƙahoninsa a gaban jama'a. Da yamma yara su yi ayari suna yawon barka da Sallah daga gidan kaka zuwa na gwaggo zuwa na maƙwabta, kowa na ƙirga goron Sallarsa. A Babbar Sallah ana ƙara da layya: a feɗe raguna, a miƙe su a jikin itatuwa, a jera su kewaye da wuta a bakin titi, washegari a ɗora wa yara kwanonin nama su kai gida-gida.

Abin lura a nan shi ne babu uwa ko uba guda da ke shirya wa ɗansa wannan biki. Iyaye ɗinki da rago kawai suka sani. Sauran duka unguwa ce da fada da dangi ke kawowa. Da zarar iyali sun bar gari, wannan babban kason ne ke zama a baya, domin ba ya shiga jaka.

Fita neman arziki daɗaɗɗen abu ne ga Damagarawa. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, Zinder zango ce a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Tarabulus. Yau ma ana fita, amma wuraren zuwa sun bambanta, kuma yadda yaro zai ga biki ya dogara ne da ƙasar da iyayensa suka sauka. Wanda ke Kano ko Daura ko Katsina kusan bai rasa komai ba, ga tashe ga hawan Sallah. A zangunan Kumasi da Abijan da Lome ma akwai liman da wanzami da tela da sarkin zango, kuma Sallolin biyu ranakun hutu ne na ƙasa a Gana da Kodebuwa. Sai dai yaron zango kan tashi yana ganin Kirsimeti a matsayin babban bikin gari, tare da abokan karatu da suka saba da yankan kek.

A Aljeriya da Libiya idodin ɗaya ne da na gida, amma halin zama ne ke hana biki. Yawancin waɗanda ke Tamanrasat ko Sabha 'yan ci-rani ne marasa takardun zama, wasu kuma mata ne da ƙananan yara daga yankin Kance da Matamaye da ke tafiya bara. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, fiye da rabinsu yara, kuma tun ƙarshen 2014 hukumomin Aljeriya ke mayar da 'yan Nijar gida ayari-ayari. Duk maganar bukukuwan yara a ƙasar waje da ta manta da waɗannan yaran ba ta cika ba. Su Sallah kan same su ne a bakin masallaci suna miƙa hannu, kuma da yawansu ba su da ko takardar haihuwar da za ta nuna ranar da aka haife su.

Inda al'amarin ya fi sarƙewa shi ne Turai da Amurka, wurin ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zauna da iyalinsu a Faransa ko Beljiyam ko Niyok. Tun daga suna ake fara karo da dokar ƙasa. A Faransa wajibi ne a yi rajistar jariri, da sunansa, cikin kwana 5 bayan haihuwa, wato kafin ranar da al'ada ta tanada don bayyana sunan. Beljiyam ta ba da kwana 15, Ingila kwana 42, a Amurka kuwa galibi tun a asibiti ake cike takarda kafin a sallami mai jego. Saboda haka a Faransa da Amurka uba kan rubuta suna a ofis, ya riƙe shi a bakinsa har ranar bakwai. Taron kansa sau da yawa sai an ɗaga shi zuwa Asabar ko Lahadi, domin babu mai barin aiki a tsakiyar mako. Ragon suna kuwa a gida ake yanka shi: a aika kuɗi ta kamfanonin aike irin su Nita ko Al Izza, kaka ya tara mutane a ƙofar gidansa a unguwar Zango ko Birni, a nuna masa fuskar jikan ta WhatsApp. Sunan da aka yi jariri na wata nahiya, taro na wata, ya zama abin da aka saba gani. Wadda ta fi jin jiki a wannan tsari ita ce mai jego, wadda a gida za ta samu uwa ko gwaggo mai dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa har kwana arba'in, a can kuwa ita da mijinta ne kawai a ɗaki.

Sallah ma takan zo ne a ranar aiki. A Faransa ba ranar hutu ba ce, ko da yake makarantu na karɓar uzurin yaron da iyayensa suka nemar masa izinin rashin zuwa saboda idi. Birnin Niyok ya yi gaba a nan, domin tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 makarantun gwamnati ke rufewa a ranakun Sallah. Layya a ƙofar gida haramun ce a dokar Faransa da Beljiyam; sai a mayanka mai izini, kuma nama kan iso a yanke cikin leda. Yaron da bai ga rago ɗaure ba, bai ba shi dusa ba, bai kai kwanon nama gidan kowa ba, da wuya ya bambanta wannan nama da na kullum. Ga kuma saɓanin ganin wata. A 2024 Nijar ta yi Ƙaramar Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, Saudiyya da Najeriya da Faransa suka yi ranar Laraba, ta yadda kaka na kira da barka da Sallah alhali 'ya'yanta na cikin azumi.

A wannan gurbin ne bikin zagayowar ranar haihuwa ke samun wurin zama, kuma makaranta ce ƙofar shigarsa. A Faransa karatu ya zama tilas daga shekara 3 tun 2019, kuma a azuzuwan ƙananan yara an saba a yi wa kowane ɗalibi 'yar murna ranar haihuwarsa, da gato, wato kek, da waƙa. Yaro ɗan shekara huɗu bai san bidi'a ko al'adar wasu ba. Abin da ya gani shi ne an kira sunan kowa an tafa masa, shi kuma ba a kira nasa ba. Ana gayyatarsa gidajen abokai, daga bisani ya tambayi yaushe za a zo nasu gidan. Amsa wannan tambaya na da nauyi ga iyaye, domin malamai sun saɓa a kanta. Manyan malaman Saudiyya, irin su Shaihu Ibn Baz, sun hana bikin, suna ganinsa ƙari a kan idodi biyu da kuma koyi da waɗanda ba Musulmi ba. Hukumar fatawa ta Masar kuwa ta halatta shi a matsayin al'ada da godiya ga Allah, muddin babu saɓo a ciki. Wannan saɓani ya yi kama da wanda aka daɗe ana yi a Zinder kanta tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a kan Maulidi, don haka Badamagare ba baƙonsa ba ne.

A aikace gidaje sun kasu. Akwai masu yin bikin yadda maƙwabtansu ke yi, da kyandir da balan-balan. Akwai masu ƙin sa gaba ɗaya, suna bayyana wa yaro dalili gwargwadon hankalinsa. Da yawa kuma sun tsaya a tsakani: a dafa abin da yaro ke so, a yi masa addu'a, a aika sadaka ga almajirai a gida, a kai gato makaranta don kada ya zama saniyar ware. Hotunan da ake turawa gida su ma sun yi tasiri, domin yanzu a Yamai da Maraɗi da Zinder akwai masu sana'ar gato da masu ɗaukar hoto da ke samun ciniki daga bikin yara. Kirsimeti da Halowin suna kawo irin wannan tambaya a ƙarshen shekara, amma sun fi sauƙin amsawa ga yawancin iyaye, tunda asalinsu na wani addini a fili yake, kuma Kirsimeti ranar hutu ce ko a Nijar.

Hana yaro bikin ranar haihuwa ba tare da an ba shi Sallah mai armashi ba shi ne zaɓi mafi rauni a cikin waɗannan duka. Yaro na auna biki ne da abin da ya gani da abin da ya ci da yawan yaran da ya yi wasa da su. Idan Kirsimeti ta zo masa da fitilu da hutun mako biyu, Sallah kuma ta zo da sa'a guda a masallaci sannan a koma aji, ba sai an gaya masa wadda ta fi girma a garin ba. Ƙungiyoyin 'yan Nijar mazauna waje sun gane haka, shi ya sa suke kama zaure a ƙarshen makon da ya biyo bayan idi, a zo da tuwo da waina da kilishi da alkaki, a sa wa yara shadda da lalle, manya su raba musu goron Sallah. Bai kai hawan sarki ba, amma a nan ne yaro ke ganin ba gidansu kaɗai ke wannan shiga da wannan harshe ba.

Hanya mafi ƙarfi ita ce kai yaro gida ya yi Sallah da idonsa, sai dai kalanda ba ta taimaka ba a yanzu. Shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kusan kwana 11, don haka idi na ja baya kowace shekara. Daga 2018 zuwa 2022 Babbar Sallah ta faɗo cikin Yuli da Agusta, lokacin dogon hutun makarantun Turai, iyalai da dama suka samu damar zuwa. A 2025 ta riga ta koma farkon Yuni, kuma ba za ta dawo Agusta ba sai 2050. Ƙaramar Sallah za ta haɗu da hutun ƙarshen shekara wajen 2033. Ga tsadar jirgi, ga tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai zuwa Zinder. Yaron da aka haifa a Turai cikin waɗannan shekaru zai iya kammala firamare bai taɓa ganin hawan Sallah a ƙofar fada ba. Sallar da zai sani ita ce wadda iyayensa da 'yan garinsu suka tsaya suka shirya masa a inda suke zaune, kuma hakan na bukatar a nemi izinin aiki da na makaranta tun da wuri, a haɗa kuɗin zaure, a tara yaran wuri guda.