Gaskiya ko Jita-jita: Karatun Kemistiri Tsakanin Sakandare da Jami'a

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, sai tallace-tallace su cika bakin titi daga Gwagwalada zuwa Kubwa da Nyanya: a zo a yi A-Level, a shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Iyayen da 'ya'yansu ke burin likitanci ko haɗa magunguna ko injiniyanci su ne kan gaba wajen tambaya, kuma kusan duk waɗannan fannoni ba sa yiwuwa sai da kemistiri. Maganganu sun yi yawa a kan wannan hanya, wasu gaskiya, wasu rabinta, wasu kuwa shaci-faɗi ne zalla.

Akwai dattawan da ke cewa ai wannan karatu ya mutu tun zamaninsu. Suna da hujja daidai gwargwado. A da, wanda ya gama aji biyar na sakandare yakan ƙara shekara biyu a aji shida, ya zana jarrabawar HSC. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ne ya ture wancan. Amma matakin bai mutu ba, gida ya sauya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana gudanar da IJMB tun 1976, JUPEB ta zo a 2014 bisa jagorancin Jami'ar Legas, wasu makarantu masu zaman kansu a Abuja kuma suna koyar da na Cambridge, mai ɗaukar shekara biyu da kuɗi masu nauyi. A IJMB da JUPEB darussa uku ake ɗauka cikin abin da bai cika shekara ba.

"Idan ka yi IJMB ba ruwanka da JAMB." Wannan ita ce jita-jitar da ta fi cutar da iyaye. Jarrabawar UTME ta JAMB kaɗai ɗalibi ya tsallake. Dole ya yi rajistar shiga kai tsaye da hukumar, wadda hedikwatarta ke nan Bwari, kuma hukumar tana tantance sakamakon daga wajen waɗanda suka bayar da shi. Sakamakon WAEC ko NECO ma yana nan a matsayin sharaɗi. Sannan kowace jami'a ita ke yanke makin da take so, guraben likitanci ta wannan ƙofa kuwa kaɗan ne. Duk cibiyar da ta ce ta lamunce wa ɗanka gurbi, ta yi alkawarin abin da ba a hannunta yake ba.

Masu cewa kemistiri ba shi da amfani sai ga mai son zama likita, su leƙa matatar ruwa ta madatsar Usuma da ke Ushafa, inda ake auna alam da kulorin kafin ruwa ya iso famfunan birni. Ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, wadda ta samar da Niprisan don masu ciwon sikila daga tsirran gida, ga NAFDAC, ga cibiyar binciken kimiyya ta Sheda a Kwali. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, awon jini da na ƙasa ne ya tabbatar da ita.

Maganar da ta fi damuna ita ce wadda ɗaliban kansu ke yi: wai kemistiri hadda ne. Mu mutane ne masu girmama hadda, kuma tana da wurinta. Alamomin sinadarai da launukan wasu gwaje-gwaje sai an riƙe su a ka. Amma yaron da ya ci WAEC da haddar tsofaffin tambayoyi, a wannan mataki asirinsa ke tonuwa, domin tambayar ta tashi daga "mene ne" ta koma "me ya sa" da "nawa ne". Jadawalin sinadarai 118 ba jerin sunaye ba ne. Tsari ne, har ma masanin kimiyya Mendeleev ya bar gurabe a cikinsa a 1869, ya faɗi siffofin sinadaran da ba a gano ba tukuna, aka kuma gano galiyom a 1875 da jamaniyom a 1886 kusan yadda ya siffanta. Ɗalibin da ya gane dalilin da ya sa sodiyom da fotasiyom suke layi ɗaya, ya huta da haddar shafuka da yawa.

Sai lissafi, wanda da yawa ke zaton sun guje masa da suka zaɓi bayoloji. Ɗauki sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Nauyin sodiyom 23, oksijin 16, haidurojin 1, jimla 40. Giram 40 na soda ke nan abin da ake kira mol ɗaya a ma'aunin kemistiri, kamar yadda giram 18 na ruwa yake mol ɗaya. Wanda wannan bai zauna masa ba, duk abin da ya biyo baya zai riƙa kuɓuce masa, komai ƙarfin ƙwaƙwalwarsa.

Wasu cibiyoyin kuma sukan ce gwajin hannu ba dole ba ne, ana iya koyonsa a allo. Ba gaskiya ba ne. Ɗalibi ya tsaya gaban buret, dogon bututun gilashin nan mai ɗan famfo a ƙasa, hagunsa a kan famfon, damansa na kaɗa kwalba, asid na sauka ɗigo-ɗigo cikin ruwan da aka auna. Ruwan rawaya ne, sai ɗigo ɗaya ya juya shi ruwan lemo, ɗigo na gaba kuma ya kai shi ja, aiki ya ɓaci, a sake daga farko. Ya sunkuya ya daidaita idonsa da ƙasan lanƙwasar ruwan kafin ya karanta lamba. Wannan a hannu yake zama, kuma ana ba shi maki a jarrabawa. Shi ya sa nake roƙon iyaye: kafin ku biya ko sisi, ku ce a buɗe muku ɗakin gwaji. Ku duba ko akwai ruwa a famfo, ku ƙirga buret ɗin, ku tambayi yara nawa ke raba guda.

A cikin ɗakin gwajin ma akwai wata tsohuwar magana, cewa wanda ya shaƙi hayaƙin sinadari a ba shi madara. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu ya shiga. Abin yi shi ne a fitar da shi inda iska take, idan numfashi ya yi wuya a garzaya asibiti. Asid a fata ko a ido, ruwa mai gudu ake sakar masa na aƙalla minti goma sha biyar, ba manja ba, ba man shafawa ba. Wajen tsarma asid mai ƙarfi kuma, shi ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, domin idan aka zuba ruwa a kansa, zafin da ke tashi kan sa ya tafasa ya fantsamo fuska.