Motsa Jiki da Yadda Mace Ke Kallon Kanta

'Yan mata da yawa ba sa jin daɗin siffar jikinsu. Wata ana yi mata ba'a don tana da ƙiba, wata kuma don siririya ce. Irin wannan ba'a takan sa yarinya ta raina kanta, ta guji ƙawaye, har ta kasa ɗaga hannu a aji. Wasu ma sukan sha maganin rage ƙiba ko na ƙara ta ba da izinin likita ba, alhali yana iya cutar da su.

Akwai hanyar da ta fi wannan, wato motsa jiki mai sa zuciya ta ƙara bugawa, numfashi kuma ya yi sauri. Misalinsa su ne sassarfa, da gudu, da tsallen igiya, da iyo, da hawan keke. Daka da surfe ma suna cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya yi aƙalla minti 150 a mako, yara da matasa kuwa minti 60 kullum.

Idan mace ta motsa jiki, ƙwaƙwalwarta takan saki wasu sinadarai masu rage damuwa da kawo nishaɗi. Barcinta ma yakan gyaru. Amma babban amfanin shi ne sauyin tunani. Yarinyar da a da ba ta iya zagaya filin makaranta sau ɗaya, yau ga ta tana zagaya shi sau uku. Daga nan sai ta rage tambayar madubi, ta fara alfahari da ƙarfin jikinta. Sau da yawa wannan sauyi yakan zo tun kafin nauyinta ya canja.

Dubi Chioma Ajunwa, wadda ta ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a dogon tsalle a gasar Olamfik ta 1996. Abin da jikinta ya aikata ne ya ɗaukaka ta.

Sai dai a yi hattara. Wadda ke motsa jiki don kawai ta rame, tana kwatanta kanta da wasu, damuwarta na iya ƙaruwa. A fara da kaɗan, a dage, a kuma ci abinci mai kyau. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Kawo misalai uku na motsa jiki.
2. Ta yaya motsa jiki ke sauya tunanin mace?