In Laftof Ta Ƙi Tashi Bayan Sabon RAM

Da yawanmu mukan shiga trotro daga Madina zuwa Circle, mu sayo RAM don laftof ta ƙara sauri. In ka sa, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, kar ka ce ta mutu. DDR3 da DDR3L rami ɗaya suke shiga, amma na farko volt 1.5 yake ci, na biyu 1.35. Laftof mai son DDR3L takan ƙi DDR3.

To, cire caja da batir, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30, ka mai da tsohon RAM. In ta tashi, laifin sabon ne. Gaba, tafi da laftof ɗin a gwada gabanka kafin ka biya. Allah shi kiyaye mu da asara.